Turawan da nake aiki da su ba sa bin nahawun da aka koya mana. Su ne ba su iya ba, ko mu aka ruɗa?

Zulai88 ta rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana Turanci na wannan zaure, musamman malamai.

Aikina amsa saƙonnin abokan ciniki ne ta intanet, kuma mafi yawan waɗanda nake hulɗa da su 'yan Ingila ne da 'yan Amurka, mutanen da suka buɗe baki da Turanci. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kusan duk dokar da aka sa mu haddace a aji sai na ga ɗayansu ya taka ta, ko a jikinsa.

Shugabar sashenmu baturiyar Ingila ce, mai ilimi sosai, amma ga yadda take rubuto min: “Got your message. Will check tomorrow.” Ina “I” ta shiga? Mu an ce mana jimla ba ta tsayuwa sai da aikau. Wani ya rubuto “Who did you speak to?” alhali an koya mana “To whom did you speak?” ne daidai, kuma wai ba a rufe jimla da “to” ko “with”. A taron bidiyo na ji wani ya ce “Someone left their mic on.” Mutum ɗaya ake nufi, amma ga “their”. Ga “less people” maimakon “fewer people”. Ga “me and John will handle it”. Su kuwa 'yan Amurka sai su ce “Did you send it yet?” a inda malaminmu zai ciro jan biro ya mayar da shi “Have you sent it yet?”

Ni kuma idan na zauna na tsara amsa da cikakken nahawu, sai in ga saƙona ya fita daban a cikin nasu, kamar takardar kotu. Har wata abokiyar aiki ta taɓa tambayata cikin raha ko fushi nake yi da ita.

To, su ne suke kuskure, ko littattafanmu ne suka tsufa? Kuma in kwaikwaye su, ko in tsaya kan abin da na sani?

Malam Dattijo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Zulai. Na daɗe ina koyar da Turanci kafin in ajiye alli, kuma tambayarki ba baƙuwa ba ce a wurina.

Abin da muke kira dokokin Turanci ba abu ɗaya ba ne. Abubuwa uku ne aka haɗa aka miƙa mana a matsayin guda, shi ya sa kike ganin kamar Turawan karya doka suke yi kan mai uwa da wabi. Ba haka ba ne. Akwai waɗanda ba sa taɓawa ko kusa.

Ki koma ki duba saƙonnin shugabar taki da kyau. Ba za ki taɓa ganin ta rubuta “a red big car” ba. “A big red car” za ta ce ko daga barci aka tashe ta, domin a Turanci sifar girma tana gaban sifar launi, ta launi tana gaban ta asali, ta asali tana gaban ta abin da aka ƙera abu da shi. Ba za ta ce “informations” ba. Ba za ta tambaye ki “Where you are going?” ba. Ba za ta ce “I have seen him yesterday” ba. Wannan shi ne nahawun gaskiya, wanda babu wanda ya koya mata a aji, kuma idan kika ce ta yi miki bayaninsa wataƙila ta kasa, kamar yadda yawancinmu ba za su iya bayyana dalilin da ya sa muke cewa “ya zo” amma “shi ne ya zo”, mu ce “sun zo” amma “su ne suka zo” ba. Mun dai san haka ake faɗa.

Kashi na biyu shi ne bambancin magana da rubutu, da bambancin rubutun wasa da na ƙa'ida. “Got your message” nan ya faɗa. Magana tana da nata nahawun, ba gurɓataccen rubutu ba ce. Mu ma “Ya kake?” muke cewa, ba “Yaya kake?” ba, kuma ba wanda ya ce ba mu iya Hausa ba.

Kashi na uku shi ne mai ban haushi, domin mutane ƙalilan ne suka ƙirƙiro shi, kuma an san sunayensu. Ɗauki batun rufe jimla da “to” ko “from”. A 1672 mawaƙin Ingila John Dryden ya soki Ben Jonson, wanda ya riga shi zamani, saboda ya ƙare wani baiti da “from”. Dryden mutum ne da ya ƙoshi da Latin, kuma a Latin ba a barin irin waɗannan ƙananan kalmomi a wutsiyar jimla su kaɗai. Har ya koma kan wani tsohon rubutunsa ya bi ya gyara duk inda ya yi hakan. Bayan shekara 90, a 1762, Robert Lowth, wanda daga baya ya zama bishop na Landan, ya fitar da ɗan littafin nahawu da ya yi tashe ƙwarai. Shi ma bai haramta ba. Cewa ya yi abin ya zama ruwan dare a hira, ya kuma dace da rubutu mai sauƙi, sai dai a rubutu mai nauyi ya fi kyau a kauce masa. Abin dariyar ma, gaɓar da ya buɗe bayanin da ita da “to” ta ƙare. Masu kwafar littafi daga littafi ne suka mayar da shawara ta zama doka, dokar kuma ta bi makarantu zuwa duk inda Ingila ta yi mulki.

“Less” da “fewer” ma haka. Turawa suna amfani da “less” ga abin da ake ƙirgawa tun zamanin Sarki Alfred, a ƙarni na 9. Wani mai suna Robert Baker ne a 1770 ya rubuta cewa shi a ganinsa “fewer” ya fi daɗin ji a irin wannan wuri. Ra'ayin mutum ɗaya ke nan, amma ya yi ƙarfin da a 2008 kamfanin manyan kantuna na Tesco a Ingila ya sanar zai sauya allon wurin biyan kuɗi da ke cewa “10 items or less” zuwa “up to 10 items” saboda ƙorafin masu gyara Turanci. Ki lura ba su koma “fewer” ba, sun dai kauce wa rigimar ne baki ɗaya.

“Someone left their mic on” kuwa ya girmi duk masu sukar sa. Ƙamus na Oxford ya bi sawun wannan amfani har zuwa 1375, kuma marubuciyar Ingila Jane Austen ta yi ta yin sa a littattafanta. Matsalar ita ce Turanci ba shi da wakilin suna na mutum ɗaya da ba ya nuna jinsi. Masu nahawun ƙarni na 18 suka ce a yi amfani da “he” ga kowa, har majalisar dokokin Birtaniya ta yi doka a 1850 cewa a rubutun dokoki kalmar namiji ta haɗa da mace. Amma bakin mutane bai bi ba. A 2017 kamfanin dillancin labarai na AP ya sassauta, ya yarda da “they” ga mutum ɗaya a wasu wurare. Mai cewa ai “they” jam'i ne, a tambaye shi “you” fa? Asalinsa jam'i ne, tilonsa “thou”. Girmamawa ce ta sa aka riƙa ce wa mutum ɗaya “you”, kamar yadda muke ce wa babba “ku”, har “thou” ya mutu. Shi ya sa har gobe ake cewa “you are” ko da mutum ɗaya ne a gabanka.

Yadda aka gano gaskiyar waɗannan abubuwa shi ne, masana sun daina tambayar me ya kamata a ce, suka koma ƙirga abin da ake cewa. A 1959 masanin harshe Randolph Quirk ya kafa wani aikin bincike a University College London, inda suka riƙa naɗar hirar mutane suna rubuta ta a ƙananan katuna. A Jami'ar Brown ta Amurka aka tara kalma miliyan ɗaya daga rubuce-rubucen da aka buga a 1961. A farkon shekarun 1990 Birtaniya ta tara nata rumbun mai kalma miliyan 100, kusan kashi 10 cikin 100 magana ce ta baki, wasu ma 'yan sa-kai aka ba ƙananan rakodoji suka yi ta yawo da su cikin harkokinsu. Daga irin wannan ƙirga Douglas Biber da abokan aikinsa suka fitar da babban nahawunsu a 1999, suka kwatanta hira da ƙagaggun labarai da jaridu da rubutun jami'a. Suka ga hira cike take da wakilan suna da gajerun jimloli, jarida da rubutun jami'a kuma cike da sunaye. Suka ga salon nan na “it was decided” ya fi yawa a rubutun jami'a, a hira kuwa kaɗan ne. Suka ga aikatau 12 kacal, irin su “say”, “get”, “go”, “know”, “think”, su ne suka kwashe kusan rabin aikatau na hira, in an cire “be”, “have”, “do” da sauran mataimakan aikatau.

Ke nan abin da aka koya miki nahawun rubutun jami'a ne, aka ce miki shi ne Turanci duka. Shawarata, a saƙon aiki na yau da kullum ki saki jikinki. Ki rubuta “I'll” da “don't”, ki bar “whom” ta huta. Sai dai “me and John will handle it” ki bar musu kayansu a baki, kada ki rubuta.

Bash_Gunners ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, an gode da wannan karatu. Ni ba malami ba ne, Turancina a bakin masu sharhin ƙwallo na tsince shi, amma bari in sa baki.

Anti Zulai, ki saurari mai sharhi ɗan Ingila ko da minti biyar ne. “Arsenal are winning.” “England have scored.” Ƙungiya ɗaya ce, ƙasa ɗaya ce, amma jam'i yake ba ta, saboda shi 'yan wasa 11 yake gani a fili. Ba'amurke kuwa “England has scored” zai ce. Na daɗe ina zaton ɗayansu ne bai iya ba, ashe kowa da yadda ake yi a gidansu. Mu ma ai muna cewa “gwamnati ta ce”, mu kuma juya mu ce “sun ce za su gyara”.

Sai kuma lokaci. Ƙwallo tana gudana a gaban idonka, amma ba za ka ji “he is shooting” ba. “Saka shoots, he scores!” Littafi ya ce wannan siga ta abin da aka saba yi ce kullum, ga ta nan kuma ana ba da labarin abin da ke faruwa a daƙiƙar nan. Kanun jarida ya fi wannan rikici. “Minister resigns” na nufin ya riga ya sauka. “Minister to resign” na nufin zai sauka. “Minister arrested” na nufin shi aka kama, ba shi ya yi kamun ba. Babu “the”, babu “was”, babu “will”. In da ɗalibi ne ya rubuta haka a jarrabawa da ya sha jan biro.

Anti Rabi ta rubuta:

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni ban yarda da “ki saki jikinki” haka kai tsaye ba, kuma zan faɗi dalili. Aikina gyaran rubutu ne. Rahotanni da takardun neman tallafi da na neman aiki suke biyowa ta hannuna kafin su tafi, don haka na san yadda ake karanta mu.

Ƙanwata Zulai, idan shugabarki ta rubuta “less people”, mai karatu cewa zai yi tana sauri. Idan ke kika rubuta, cewa zai yi ba ki sani ba. Ba adalci ba ne, amma haka abin yake. Tarihin Robert Baker ba zai bi takardarki ya yi miki bayani a gaban mai ɗaukar aiki ko mai makin jarrabawa ba. A rubutun ƙa'ida ki rubuta “fewer people”, ba abin da zai rage miki.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Babban haɗarin kwaikwayo shi ne, ita gajartawar da suke yi tana da tata dokar, wadda ba a rubuta a allo ba. “Got your message” ya yi daidai saboda daga farkon jimla aka yanke, inda kowa ya san waye mai maganar. “Hope you're well.” “Sounds good.” “See you Monday.” Duk daga goshi aka cire. Amma ba za ki ga baturiyar nan ta rubuta “I think will come” ko “because was busy” ba. Da zarar an shiga tsakiyar jimla, aikau ya zama dole.

Ga wanda nake gani kusan kullum a rubutun masu koyo: “Am fine”, “because am tired”, “if am free”. Mai rubutun yana ganin ai abin da Turawa ke yi ne. A gajeren saƙon waya ɗan Ingila yakan rubuta “Am on my way” jefi-jefi, amma da baki ba ya faɗa, kuma a tsakiyar jimla ba ya yi sam. “I'm fine” zai ce, ko ya ce “Fine” kawai. Idonsa yana sauka kan “because am tired” ya gane ba ɗan gida ba ne ya rubuta. Haka ma “a” da “the”. Kanun jarida da Bash ya kawo suna zubar da su don ƙarancin wuri, amma shugabarki ba za ta rubuta “I sent report to client” ba ko da gudu take yi. Waɗannan ƙananan kalmomin su ne ainihin inda ya kamata mai koyo ya zuba ƙarfinsa, amma sai a bar su ana faɗa kan “whom”.

Game da abokiyar aikin da ta ce ko fushi kike yi, na san abin da ya jawo. Ina kyautata zaton kina rubuta “I do not” da “I cannot” a cike, kina buɗewa da “Kindly be informed that”. A kunnen ɗan Ingila ko Ba'amurke na yau, “I do not agree” a cike yana da kaushi, kamar an buga tebur. “I don't agree” shi ne na lumana. “Kindly” kuwa, da muke zaton ladabi ne, sau da yawa su umarni suke ji a ciki, irin na wanda haƙurinsa ya kusa ƙarewa. Ladabinsu a siffar tambaya yake: “Could you send it by Friday?” ko “Would you mind checking?” ko “I was wondering if you could”. Ki lura da na ƙarshen nan. Shuɗaɗɗen lokaci ne, amma yanzu ake roƙon. Ja da baya ne kawai don a ba mutum sararin ya ce a'a.

Abin da nake ba masu kawo min aiki shawara shi ne, su ɗauki gajartawar “don't” da “I'll” da salon roƙo, su bar yanke kalmomi har sai kunnensu ya nuna.

Zulai88 ta rubuta:

Na gode Malam, na gode Anti. Wallahi “Kindly” ɗin nan kamar kin leƙa akwatin saƙonnina. Bash, kanun jaridar nan ya sa ni dariya.

Malam, saura biyu. Ba ka taɓo “Did you send it yet?” ba. Sannan wani abokin ciniki ya taɓa rubuto min “I didn't get no refund.” An koya mana korewa biyu suna kashe juna, wato ma'anarsa ya samu kuɗin ke nan. Na san ba haka yake nufi ba, amma wannan ma cikin ƙirƙirarrun dokokin yake?

Malam Dattijo ya rubuta:

Hajiya Rabi ta yi gaskiya kan takardun ƙa'ida, ban ja da ita ba. Inda muka rabu shi ne, ni ina ganin mai koyo ya cancanci a faɗa masa wace doka ce ta harshe, wace ce ta ladabin rubutu, don ya san abin da yake bi da dalilin bin sa. In ba haka ba sai ya wuce makaɗi da rawa. Misali, an yi ta tsawata wa yara kan “me and John” har suka tsorata da “me” gaba ɗaya, yanzu ga manyan mutane a Ingila da Amurka suna cewa “between you and I”, wanda a littafin ma kuskure ne. Gwajin mai sauƙi ne: cire ɗaya mutumin ki ji. Ba a cewa “me will handle it”, ba a kuma cewa “send it to I”.

“Did you send it yet?” bambancin ƙasa ne. Da kalmomi irin su “yet”, “already” da “just”, ɗan Ingila ya fi karkata ga “have you sent”, Ba'amurke kuma yana amfani da duka biyun. Littattafanmu na Ingila suka bi, shi ya sa. Amma akwai iyakar da dukansu ba sa ƙetarewa: da zarar an ambaci lokacin da ya wuce, jiya ko bara ko ƙarfe uku, “have” ta fita. “I sent it yesterday.” Wannan yana ba mu wuya saboda a Hausa “na aika” ɗaya ce, ko na ce “na riga na aika” ko “na aika jiya”. Za ki kuma ji 'yan Amurka suna cewa “gotten”. Kada ki ɗauka lalaci ne. Tsohuwar siga ce da suka tafi da ita daga Ingila, su Ingila suka yar, sai ɓurɓushinta a “forgotten”. Har ma tana musu aiki: “I've got a car” ina da mota, “I've gotten a car” na samu mota.

Batun korewa biyu kuwa, Lowth ɗin nan dai shi ya yaɗa cewa suna kashe juna, kamar a lissafi. Amma harshe ba lissafi ba ne. Mu “ban gani ba” muke cewa, “ba” a gaba “ba” a baya, kuma ba wanda ya taɓa fahimtar cewa mun gani. Faransanci ma gaba da baya yake korewa, Sifaniyanci kuma yana tara korewa biyu a jimla ba tare da ma'ana ta juya ba. Turancin da ma haka yake, mawaƙin Ingila Chaucer a ƙarni na 14 yakan jera korewa uku har huɗu a jimla guda don ƙarfafawa. Abin ya fita daga daidaitaccen Turanci, amma yana nan da ransa a karin harshen ma'aikata a Ingila, da kudancin Amurka, da Turancin baƙaƙen fatar Amurka.

Tunda na ambaci na ƙarshen, bari in ɗan ratse. A shekarun 1960 masanin harshe William Labov ya yi bincike kan maganar matasan unguwar Harlem a New York, a lokacin da malamai da yawa ke ɗaukar maganarsu a matsayin Turancin da ya lalace. Ya nuna tana da tsari mai ƙarfi. Idan ɗayansu ya ce “he working”, yana nufin yana aiki yanzu. Idan ya ce “he be working”, yana nufin yakan yi aiki, abin da ya saba ne. Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin bambancin “yana” da “yakan” ne. Daidaitaccen Turanci kan jingina da “usually” a nan, ya ce “he is usually working”.

Duk da haka, wannan kam kada ki kwaikwaya. Ba don ba shi da ma'ana ba, sai don a cikin duk abubuwan da kika lissafo shi ne wanda Turawan da kansu suka fi yi wa mutum hukunci a kai. Shugabarki da ke rubuta “less people” ba za ta rubuta “didn't get no” a saƙon aiki ba. Ki fahimce shi, ki mayar wa mutumin kuɗinsa, ki amsa masa da “any”.

Bash_Gunners ya rubuta:

Malam, ɗaya tak kafin ka tashi. 'Yan wasan da suka taso a Landan in ana hira da su sai ka ji “innit” a ƙarshen kusan kowace magana. “We played well, innit.” Ai “didn't we” ya kamata, ko?

Malam Dattijo ya rubuta:

A littafi, e. Daidaitaccen Turanci yana sa ka sake gina 'yar tambayar nan kowane lokaci: “didn't we”, “hasn't she”, “won't they”, har da “aren't I” wanda in ka tsaya ka duba shi ma bai bi lissafi ba, tunda ba a cewa “I are”. Harsuna da yawa guda ɗaya suke da ita ga kowace jimla. Kai kanka yanzu da “ko?” ka rufe tambayarka. “Innit” daga “isn't it” ya fito, matasan Landan suka mayar da shi ya zama “ko?” ɗinsu, kuma a Turancin Indiya ma za ka ji “isn't it” ko “no” suna wannan aikin. Ka ji shi a bakin ɗan ƙwallo ka gane, amma a takardar jarrabawa “didn't we” za ka rubuta.